Yadda Tarihi da Tattalin Arziki Suka Raba Gari, Suka Kuma Shirya

A shekarar 1903 Jami'ar Cambridge da ke Ingila ta ware wa ilimin tattalin arziki digirinsa na kansa. Kafin nan, ɗalibin da ke son sanin harkar kuɗi da ciniki sai dai ya raɓu da sashen tarihi ko na falsafa. Farfesa Alfred Marshall ne ya tsaya kai da fata a kan rabuwar, domin a ganinsa fannin ya isa tsayawa da ƙafarsa bisa ƙa'idoji tabbatattu. William Cunningham, malamin tarihi kuma limamin coci, ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce kasuwar kowane zamani da irin dokokinta da al'adunta, don haka ba a auna su duka da mudu ɗaya.

Wannan gardama ta girmi 1903. Tun 1883 Carl Menger na Ostiriya da Gustav Schmoller na Jamus suka fara musayar kalamai masu zafi a kan abin da ya kamata a fara da shi: ƙa'ida ko tattara bayanan abin da ya faru.

Marshall ya yi nasara, amma 'yan tarihi ba su naɗe hannu ba. Jami'ar Harvard ta Amurka ta riga ta naɗa William Ashley farfesan tarihin tattalin arziki a 1892. Manchester ta naɗa George Unwin a 1910, aka kafa ƙungiyar masana fannin a 1926. A 1928 Cambridge ita kanta ta kafa irin wannan kujera, ta ba John Clapham, wanda almajirin Marshall ne, Oxford kuma ta bi sahu a 1931. Yau a Oxford akwai digirin shekara 3 da ke haɗa tarihi da tattalin arziki, inda ɗalibi ke koyon ƙididdiga da kuma karatun tsofaffin takardu. A 1993 aka ba Robert Fogel da Douglass North lambar Nobel ta tattalin arziki saboda aikinsu a kan tarihi.

Labarin gyaɗar Kano ya nuna amfanin wannan haɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Lancashire. Sai gyaɗa ta cika tasha. Jan Hogendorn, masanin tattalin arziki da ya wallafa bincikensa a 1978, ya nuna cewa masaƙan Kano sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da tsada, masana'antun man girki na Turai kuma suna neman gyaɗa ruwa a jallo. Fataken goro, masu jari da wakilai a ƙauyuka, su suka jawo hankalin manoma gare ta, ga shi kuma gyaɗa ana cinta idan fari ya zo.

Farashi ya bayyana dalilin da manomi ya zaɓi gyaɗa. Amma sai wanda ya san tarihin fataucin goro na Gwanja zai gane inda jarin da amanar suka fito har cinikin ya bunƙasa cikin 'yan shekaru. Ɗalibin da ya haɗa fannonin biyu shi ke iya amsa tambayoyin duka.