Wasiƙar Da Ta Tayar Wa Darwin Da Hankali

Da a fim aka nuna wannan labari, da 'yan kallo sun ce marubucin ya cika gishiri. A watan Yuni na 1858 wani Baturen Ingila mai binciken halittu, Charles Darwin, ya karɓi wasiƙa daga tsibiran da a yau ke cikin Indonesiya. Wanda ya aiko ta, Alfred Russel Wallace, mai tara tsuntsaye da ƙwari ne yana sayar wa gidajen tarihi. Darwin na karantawa sai gabansa ya faɗi, domin ra'ayin da ya shekara ashirin yana ɓoyo shi aka rattabo masa.

Shi Darwin ya zagaya duniya a jirgin ruwan Beagle daga 1831 zuwa 1836, yana tattara tsirrai da ƙasusuwa. A 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus, wanda ya nuna cewa haihuwa ta fi abinci saurin ƙaruwa. Shi ma Wallace wannan littafi ya tuna yana kwance cikin zazzaɓi.

Mai karatu, ra'ayin nasu a kan duwatsun murhu uku ya zauna. Na ɗaya, 'ya'yan jinsi guda ba sa zama iri ɗaya sak. Na biyu, 'ya'ya na gadon siffofin iyaye. Na uku, abin da ake haifa ya fi ƙarfin abinci da muhalli, don haka ba duka ke rayuwa ba. Wanda siffarsa ta dace da wurin shi zai kai ga haihuwa, ya bar wa na baya. Wato yanayi ke yin tankaɗe da rairaya, a hankali har jinsin ya sauya kama.

To, wa za a ce ya riga? Aminan Darwin, Charles Lyell da Joseph Hooker, suka raba gardama: aka karanta rubutun mutanen biyu tare a ƙungiyar Linnean da ke Landan ranar 1 ga Yuli, 1858. Darwin bai halarta ba, domin ƙaramin ɗansa ya rasu kwana uku kafin nan. Wallace kuwa bai ma san ana yi ba. Da labari ya iske shi bai yi rigima ba. Hasali ma littafin da ya fitar a 1889 Darwinism ya raɗa masa.

Ranar 24 ga Nuwamba, 1859, Darwin ya fito da On the Origin of Species, kwafi 1,250, aka shiga muhawara da malaman coci da masana. Fim ɗin Creation na 2009, inda Paul Bettany ya fito a Darwin, ya nuna fargabarsa kafin wallafa littafin.

Ko mutum bai yarda da duk inda Darwin ya dosa ba, tankaɗen nan ya shigo mana har ɗaki. Shekara da shekaru kulorokwin na kashe ƙwayoyin maleriya, amma 'yan tsirarun da suka jure masa suka hayayyafa, har ya daina aiki sosai. A 2005 Nijeriya ta sauya shi da wani haɗin magani. Hanyar da ƙwayoyin cuta ke bi su gagari magani kenan, shi ya sa likita kan ja kunne a sha magani yadda ya tsara.