Kiwon Kifin Daji a Gida: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Ɗebo Kifi Daga Ruwayen Kazaure da Kewaye

Duk ƙarshen damina, idan ruwa ya fara janyewa daga fadamu da kududdufan Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, ana ganin yara da robobi da gwangwanaye suna tsintar 'ya'yan kifi. Wasu su zuba a randa, wasu su jefa ɗan tarwaɗa a rijiya. Yanzu kuma sha'awar ta kai ga manya, musamman ma'aikata da ɗalibai da suka ga akwatunan gilashi na kifi a otal-otal ko a intanet, suka ƙudurta yin irinsu a falo da kifin da suka kamo da kansu. Akasarin irin wannan kifi ba ya wuce mako guda a raye. Ba ƙaddara kaɗai ke kashe shi ba. Akwai dalilai sanannu, kuma ana iya kauce wa yawancinsu.

Ajiye kifin daji don kallo tsohuwar sha'awa ce a wasu ƙasashe. A Amurka akwai masu bin fadamu suna neman wani ɗan kifi mai dogon baki da suke kira grass pickerel, wanda bai cika wuce santimita 30 ba, yana laɓewa cikin ciyawar ruwa yana far wa ƙananan kifaye. A Kanada hukuma ta sanya shi cikin halittun da ake sa wa ido don kada su ɓace. Babu shi a Afirka, amma muna da masu irin halinsa, kuma wasu kifayenmu ma daga Legas ake fitar da su da rai zuwa kasuwannin kifin ado na Turai da Amurka.

Ruwayen da kifin yake

Ruwan wannan yanki iri biyu ne. Akwai wanda ke zama shekara, wato madatsu irin su Muhammadu Ayuba da Dambo a Kazaure, da madatsun Gari da Tomas da ke maƙwabtaka a Jihar Kano. Akwai kuma na wucin gadi: kududdufai, tafkuna da fadamun da ke cika tsakanin Yuni da Satumba, su ƙafe da rani. Kogunan Gari da Tomas suna gangarawa ne cikin kwarin Tafkin Chadi, don haka kifayen yankin dangin na Haɗeja ne da Nguru.

Ga mai son kiwo a gida, ruwa na biyun ya fi muhimmanci. Kifin da ya maƙale a kududdufin da ke ƙafewa a Oktoba ko Nuwamba mutuwa zai yi, ko tsuntsu ya ɗauke shi, don haka ɗaukar biyu ko uku ba ya rage wa masunta komai. Ban da haka, kifin da ya saba da ruwa mai ɗumi da ƙarancin iska ya fi jure zaman gida.

Wane kifi ne ke zaunuwa?

Tambayar farko ita ce ta wutar lantarki. Akwatin gilashi na zamani yana dogara da injin hura iska da na tace ruwa, kuma kowa ya san yadda wuta take a garuruwanmu. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita. Idan ya kai digiri 30 sai ya sauko zuwa kusan 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. A watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano yana iya hallaka kifi a yini ɗaya. Saboda haka hikima ita ce a zaɓi kifin da ke iya shaƙar iska daga saman ruwa.

Na gaba a wannan sahu shi ne gartsa, wanda wasu ke kira gwando, masana kuma Polypterus senegalus. Dogo ne, mai sulke, da jerin ƙayoyi a gadon baya, kuma yana da huhu. A akwati yakan tsaya wajen santimita 30, ba shi da faɗa da kifin da ya fi ƙarfin bakinsa, yana kuma iya shekara fiye da goma. A ganina shi ne ya fi dacewa da mai farawa, kuma yana cikin waɗanda ake saye a waje alhali a nan masunta ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Tufi shi ne ya fi kama da kifin nan na Amurka a ɗabi'a. Yakan tsaya cik cikin ciyawa kamar itace, sai abinci ya zo wucewa ya zabura. Yana shaƙar iska, yana kaiwa santimita 50, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har ɗan'uwansa. Shi kaɗai ake ajiye shi, da murfi mai nauyi.

Gaiwa kuwa sha'aninta daban ne. Idan ruwa ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina wadda ke bushewa ta zama kamar jaka, ta bar 'yar kafar numfashi, ta kwanta har wata damina. Maganar da Bahaushe ke yi cewa gaiwa jikinta take ci tana da tushe a kimiyya, domin a wannan kwanciya tsokar jikinta take narkarwa ta rayu. Ɗauke wuta bai dame ta ba. Matsalarta girma, don tana kaiwa mita guda, da kuma cizo: haƙoranta na fasa katantanwa, ba za su ji nauyin yatsan yaro ba.

Tarwaɗa tana da juriya amma saurin girmanta da yawan ƙazantarta sun fi ƙarfin falo. Wurinta tanki ne a tsakar gida. Karfasa tana da ban sha'awa, musamman yadda uwar ke renon ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta, sai dai tana tone ƙasa, tana hayayyafa har wuri ya gaza. Ƙurungu yana zama lafiya idan akwai maɓoya da isasshiyar iska, a dai kiyayi ƙayarsa.

Akwai waɗanda bai kamata a kawo gida ba sam. Giwan ruwa na kaiwa mita biyu. Tsage na buƙatar fili da ruwa mai wadatar iska, a akwati yakan yi ta karo da gilashi har ya mutu. Minjirya na sakin lantarkin da ke iya haura bolt 300, ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara.

Wani ɗan kifi ya cancanci a ambace shi ko don sunansa. A 1928 wani masanin Jamus, Ernst Ahl, ya bayyana wani kifi da aka samo a Kogin Kiyawa kusa da Katagum, wanda a yau ake kira Pronothobranchius kiyawensis. Bai kai tsawon yatsa ba, rayuwarsa 'yan watanni ce, ƙwansa kuma na zama cikin busasshiyar laka har ruwan sama ya dawo. Masu kiwon kifin ado a Turai sun san sunan Kiyawa ta dalilinsa, mu kuwa sai mu taka shi a kududdufi mu wuce.

Doka da al'ada

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba, abin fashewa ko lantarki wajen kama kifi, ta ƙayyade girman idon raga, ta kuma hana shigo da kifi mai rai ko fitar da shi daga Najeriya sai da izinin minista. Wannan na ƙarshe ya shafi mutanen Ɓaɓura kai tsaye, tun da iyakar Nijar na kusa: tsallakawa da jarkar kifi mai rai fitarwa ce a idon doka. Magimfa da maganin ƙwari irin su Gamalin, waɗanda wasu ke zubawa a ruwa, suna kashe babba da ƙarami, kuma kifin da ya tsira daga gare su ba ya yin ƙarko.

Madatsa kuma tana da masu ita. Akwai sarkin ruwa da masuntan da abincinsu ke wurin. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya je wurinsu da safe ya faɗi abin da yake so. Kifin da ya shiga gura yana fitowa lafiya ƙalau. Na fatsa yana da rauni a baki, na kalli kuma ragar ta riga ta goge masa jiki, raunin da kan zama ƙofar cuta bayan 'yan kwanaki.

Haɗarin da ke kan mutum

Tsargiya ba a kifi take ba, a ruwa take. Ƙwayar cutar na fitowa daga wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa marar gudu, ta huda fatar wanda ya shiga, bayan makonni a ga jini a fitsari. Madatsu da kududdufai su ne matattararta a Arewa, yara 'yan makaranta kuma su ta fi kamawa. Kada a tura yaro kamun kifin ado. Babba ya sa takalmin roba mai tsawo, kuma kada ya kwaso katantanwa ko ciyawar ruwa zuwa gida. Wanda ya ga alama ya je asibiti, akwai maganin praziquantel.

Daga bakin ruwa zuwa gida

A kama da sassafe. A zuba ruwan wurin kashi ɗaya cikin uku na bokiti ko jarka mai faɗin baki, a bar sauran ga iska, a rufe da tsumma, a kauce wa rana. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, sabulu ko maganin feshi ba ta da amfani komai wankinta. Idan an isa, a riƙa ƙara ruwan gida kaɗan-kaɗan a cikin bokitin na kimanin rabin sa'a kafin a juye kifin. Kada a ba shi abinci ranar farko. In akwai wasu kifaye a gida, sabon ya zauna shi kaɗai mako uku zuwa huɗu, don kifin daji kan zo da ƙwari a fata da tsutsa a ciki.

Abin da ya fi kashe kifi a makon farko shi ne ƙazantarsa. Kifi na fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. A tafki akwai ƙwayoyin halitta da ke sauya shi zuwa abin da ba ya cutarwa sosai. A sabon akwati babu su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a jikin tsakuwa da soson tacewa. Ruwa na iya zama garai-garai alhali ya riga ya zama guba. Maganin abin shi ne a fara da kifi kaɗan, a rage ciyarwa, a sauya rubu'in ruwan duk kwana biyu a farko, daga baya sau ɗaya a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwashe komai a wanke da omo, wanda ke kashe ƙwayoyin nan gaba ɗaya. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, sai ya kwana a buɗe. Na rijiya da na burtsatse ma gara su kwana su sha iska.

Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45 yana cin lita 243, wato nauyin ruwan kaɗai kilo 243 ne, don haka teburin falo ba zai ɗauka ba. Irin wannan ya ishi gartsa biyu ko tufi ɗaya. A shimfiɗa yashi wankakke, a sa fasasshiyar tukunya ta zama maɓoya. Da hunturu a matsar da shi daga taga, a lulluɓe da bargo da dare, don sanyin Disamba da Janairu na hana kifi cin abinci. Abincinsu kuwa yana tsakar gida: tana, gara, shinge a farkon damina, da yankan ɗanyen kifi.

Idan kifi ya fi ƙarfin akwati, a mayar da shi ruwan da aka ɗauko shi muddin bai gauraya da kifin ƙetare ba, ko a ba mai tanki, ko a ci. Kifin ado da aka sayo a kasuwa kuwa kada a sake shi a madatsa. Giwan ruwan da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 yana cikin manyan dalilan ɓacewar nau'o'in kifi kusan 200 da babu su a ko'ina a duniya sai can.