Daga Askar Wanzami zuwa Allurar Tabibi

Tun kafin a san asibiti a ƙasar Ruma, wato Batsari, da maƙwabciyarta Safana ta Yariman Katsina, a zamanin da mai son zuwa birni daga ƙauyukan bakin dajin Rugu sai ya shirya guzuri ya yi sallama da iyali, duk abin da ya tsiro a jikin ɗan Adam ba bisa ƙa'ida ba, wanzami ake kira masa. Da zabira ɗaya yake aski da ƙaho da kaciya da sakiyar maruru, shi ne kuma mai cire wa jinjiri beli, yana danne harshe da ɗan itace, ya kamo naman da lanƙwasasshiyar aska, sana'ar da ake gado daga uba zuwa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Aska. Likitocin yau suna hana cire belin nan saboda zubar jini da shigar cuta, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi. Amma ko ba komai wanzami ya riƙe asali guda na ilmin ɗibbu, cewa ba a yanka tsiro sai an ɗago shi daga lafiyayyen nama. Haka ma babban tabibin Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya siffanta a littafinsa Attasrif yadda ake kamo irin wannan nama da ƙugiya kafin a sa masa ƙarfe.

Sai dai iyakar wanzami ita ce iyakar idonsa. Abin da ya tsiro can cikin hanji, har mutum ya riƙa ganin jini in ya zaga, mutanenmu basir suke ce masa baki ɗaya, a jiƙa saiwa a sha, alhali kuwa wani tsiron, in an bar shi shekaru, rikiɗa yake ya zama ciwon daji.

A 1969, a birnin Niyok na Amurka, wani likita ɗan Japan, Hiromi Shinya, tare da William Wolff, suka zura wa babban hanji bututu mai fitila da ido, suka zarge tsiro da siririyar waya kamar yadda yaro kan zarge kurciya, suka yanke shi da wutar lantarki ba tare da an tsaga ciki ba. Mas'alar da ta saura ita ce tsiron da ba shi da wuyan da za a zarge, wanda ya kwanta a shimfiɗe, domin bangon hanji kaurinsa 'yan milimita ne, kuskure kaɗan sai a huda shi, abin da ke ciki ya malala inda bai kamata ba. A 1973 Peter Deyhle da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka tsira allura ƙarƙashin tsiron aka ɗura ruwan gishiri, sai ya taso kamar an sa masa matashi, wuta ta ci sama ta bar ƙasa. Illar ruwan gishiri ita ce saurin bajewa cikin 'yan mintoci, shi ya sa likitocin Japan, wajen 1999, suka koma ga wani ruwa mai yauƙi irin wanda Allah ya halitta a gaɓoɓinmu, har yau kuma masana na gwada wasu da ake sarrafawa daga sitaci da ciyawar teku, don matashin ya daɗe bai sace ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sukan rina ruwan da shuɗi, ɗan uwan baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata ta Kano, domin likita ya ga inda tsiro ya ƙare.

Irin wannan aiki sai manyan asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano, tafiyar da ba kowane manomi na Runka ko Wagini ke iya ɗaukar nauyinta ba, balle a shekarun nan da hanya ta yi wuya. Wanzami kuwa yana nan ranar suna, yana wasa askarsa tun da asuba.