A Bakin Dam ɗin Challawa: Ruwan Birni, Sawun Ƙauye

Wanda ya murɗa famfo a birnin Kano ya ga ruwa ya zo, ba safai yake tambayar inda ruwan ya kwana ba. Wani kaso daga cikinsa a ƙasar Ƙaraye yake kwana, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birni, a bayan wata ƙatuwar ganuwa ta duwatsu da ƙasa da aka gitta wa kogin Challawa kusa da garin Turawa. Tsawonta ya doshi kilomita 8, tsayinta ya haura mita 40, ruwan da take iya riƙewa kuwa ya kai kubik mita miliyan 900. A duk jihar Kano, madatsar ruwa ta Tiga ce kaɗai ta fi ta.

Lissafi ba ya nuna wa mutum girman wuri kamar ƙafa. In ka aje mota ka bi gefen ganuwar nan da sanyin safiya, kafin ka kai ɗaya ƙarshen ka ci awa biyu. A lokacin hunturu hazo kan shafe tsallaken, sai ka rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Daga nan hanya ta rarrabu, kuma babu wata hukuma da ta shata ta: sawun masunta ne, da burtalin shanu, da 'yar siririyar hanyar da masu noman rani suka fitar da tayar babur. Na taɓa tsayawa ina kallon wani masunci yana zazzage komarsa a cikin kwale-kwale, ƙarfasa na tsalle, tarwaɗa na murɗawa a ƙasan jirgi. Can kan tudu mata sun riga sun ɗora kasko, ƙamshin man gyaɗa ya gauraye da ƙaurin hayaƙi. Bai ɗago ya dube ni ba sai da ya gama ware manya daga ƙanana, sannan muka gaisa.

Ƙaraye ta daɗe da zama garin da Kano ke jingina da shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Wambai Giwa, a ƙarni na 17, wanda ya zauna a nan yana kai wa Katsinawa hari, ya tara dawaki da ganima har aka fara tsoron kada ya yi tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Sarki Kutumbi. Da can Ƙaraye bakin daga ce, tana tsare wa birni yamma. Yanzu ruwa take tsare masa.

Dangantakar birni da wannan kogi ta girmi dam ɗin nesa ba kusa ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ake jawo ruwan famfo daga Challawa ta wajen Fanshekara. Sai dai kogin na damina ne: ya cika ya batse a watan Agusta, da rani kuma ya koma yashi. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki tare ruwa da gaske, farin da aka yi a farkon shekarun 1970 kuma ya nuna bai yi kuskure ba. An gama Tiga a 1974. Ta Challawa ta ja lokaci, sai a 1992 aka kammala ta, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita.

Ruwan bai zo kyauta ba. Ya ci gonaki da fadamu da gidaje a ƙasashen Ƙaraye da Rogo da Ƙiru, an tashi mutane sun koma tudu. Da bazara, in ruwa ya ja baya, kututturen itatuwan da ya shanye kan leƙo, baƙi ƙirin, kamar masu ba da shaida. Wasu sun samu, don noman rani ya kankama, tumatir da albasa da attaruhu, ga kamun kifi shekara zagaye. A can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, tare ruwan Tiga da na Challawa ya rage ambaliyar da manoman shinkafa da makiyaya suka saba dogaro da ita, sakin ruwa rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Wannan dogon zance ne, yana buƙatar tasa ranar.

Abin da ya fi tsaya min a rai a bakin wannan ruwa shi ne ƙarancin inuwa. Akwai ɗorawa da kuka da kanya jefi-jefi, akwai darbejiya a bakin ƙauyuka, amma daji babu. A wurare da dama garma na kaiwa har bakin ruwa. In aka yi ruwan farko, jar ƙasa kan biyo kwari ta gangaro, ta kwanta a gindin tafkin. Kowace damina ana ƙara masa laka, kuma gurbin da laka ta cika ruwa ba zai zauna a ciki ba. Yashin da ke bin kogi zuwa ƙasa ma ya sha damun wurin jawo ruwan birni.

Tiga ta fi sa'a a nan, domin dajin Falgore na samanta. Audu Bako kuma ya haɗa tare ruwa da shaƙatawa: ga otal ɗin Rock Castle a Tiga, ga na Bagauda, wanda yau ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Challawa ta zo a makare, lokacin da wannan tunani ya riga ya dushe.

A Singafo akwai wata tsohuwar ma'ajiyar ruwa da ake kira MacRitchie, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1860. Don kare ruwan aka hana sare dajin da ke kewaye da ita. Yau mutanen birni kan fito su yi sa'o'i suna taka hanyoyin cikin kurmin, har da wata gada mai lilo ta mita 250 da ke ratsa saman itatuwa. Mu ba mu da ruwan saman da zai tsirar da irin wannan kurmi, kuma babu mai hankalin da zai ce a kori manomin Rogo daga gonar rakensa don 'yan birni su sami wurin yawo. Amma darasin ba na yawo ba ne tun farko. Ruwan sha suka kare, yawon ya biyo baya. Zirin marke da gawo da giginya a bakin tafki, wanda mutanen ƙauyukan za su dasa su kuma ci amfaninsa, bai fi ƙarfinmu ba.

Baƙi ma ba sai an nemo su ba. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yana Kusalla, nan cikin Ƙaraye, inda dubban matasa daga kowane lungu na Najeriya ke yin mako uku-uku. Da yawansu kan koma ba su taɓa ganin babban ruwan da ke kusa da su ba.

Tun 2024 masarautar Ƙaraye ta koma mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomi biyu ne a ƙarƙashinta, Ƙaraye da Rogo, waɗanda tafkin ya fi shafa. Don haka kiran nan nata ne, da na shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da Hukumar Haɗeja da Jama'are: a zauna da dagatai da sarakunan ruwa, a shata iyakar da garma ba za ta wuce ba, a raba dashe kafin damina mai zuwa ta sauka.