Ƙwan Tsargiya a Hantar Ɓera

Duk wanda ya taɓa feɗe ɓeran da ya yi mako 8 da kamuwa da tsargiya ya san abin da zai tarar: hanta ta kumbura, ta yi duhu, fararen ɗigo-ɗigo sun baibaye ta. Kowane ɗigo ƙwan tsutsar Schistosoma mansoni ne da ƙwayoyin garkuwar jiki suka yi wa ƙawanya. Ita tsutsar tana kwance a jijiyoyin jinin hanji, macen na zuba ƙwai wajen 300 a rana. Wanda bai fita ta bahaya ba, jini ya kwashe shi zuwa hanta, ya maƙale.

Tun 1904 wani mai bincike mai suna Symmers ya bayyana tabon da cutar ke bari a hantar mutane a Masar, sai dai gawa ba ta nuna yadda abu ya faro. Ɓera ne ya nuna mana. A 1967 Kenneth Warren da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar cewa ƙullutun da ke kewaye ƙwan aikin garkuwar jiki ne. Ashe jikin ne da kansa ke raunata hantarsa wajen yaƙar ƙwan.

Nan da nan hankali ya koma ga rage ƙullutun. Da aka gwada a ɓerayen da ba su da ƙwayoyin garkuwa na T, ƙullutun ya ƙanƙance kamar yadda ake fata, amma ɓerayen suka riƙa mutuwa da wuri. Dafin da ƙwan ke fitarwa, wanda da ƙullutun ke killacewa, ya malala cikin hanta ya kashe ta. A ganina babu gwajin da ya gyara mana tunani kamar wannan. Daga nan muka daina neman kawar da ƙullutun, muka koma neman raba shi da tabon da ke biyo bayansa, har a 1999 ɗakin binciken Thomas Wynn ya nuna cewa toshe sinadarin IL-13 na rage tabon ƙwarai.

Abin da ke damuna shi ne tsargiyar da aka fi sani a ƙasar Hausa, mai sa yara fitsarin jini, ta Schistosoma haematobium ce, kuma ba ta kama mafitsarar ɓera yadda take kama ta mutum. Saboda haka aka bar ta a baya shekaru da dama. Sai a 2012 Michael Hsieh da abokan aikinsa suka fara yi wa bangon mafitsarar ɓera allurar ƙwan kai tsaye.