Tarihin Lambu a Bauchi da Littattafan da Suka Cancanci Ajiya

Tun da Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, ilimin lambu a hannu da baki yake tafiya. Yaro yana bin mahaifinsa fadama, ya ga yadda ake jan ruwa da jigo, a gyara fangali, a yi dashen albasa, har ya iya. Malaman zamanin sun yi rubutu mai yawa a kan fiƙihu da magani, amma sana'ar lambu ta zauna a ƙirjin masu ita. Shi ya sa littattafan da mai lambun gida zai ajiye a yau ba su da yawa, kuma dole a zaɓe su da lura.

Na farkonsu aikin J. M. Dalziel ne, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya wallafa babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Darajar aikin daga bakin manoma da masu maganin gargajiya ta fito, domin su ya tambaya. Na biyu littafin H. D. Tindall ne na 1983 a kan kayan lambu na ƙasashe masu zafi. Na uku, waɗanda suka fi kusa da mu, ƙananan littattafan malaman gona ne da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ke bugawa a Zariya. Abin da ya haɗa su shi ne sun san ƙasarmu. Littafin da aka rubuta don Ingila yana jiran sanyi ya wuce kafin a yi shuka, alhali a Bauchi hunturu ne lokacin da tumatir da latas da kabeji suka fi yin kyau.

Wani zai ce lambu a lambu ake koyonsa, kuma masu cika Kasuwar Muda Lawal da kayan miya ba littafi suka karanta ba. Gaskiya ne, amma sana'ar ta sauya. Injin ban-ruwa ya ture jigo, musamman bayan shirin Fadama na shekarun 1990, ga takin zamani da maganin feshi waɗanda ke buƙatar awo. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a jihohin Arewa, kuma babu kakan da ya bar wa jikokinsa maganinta, tun da bai santa ba. Wani kuma zai ce rediyo da waya sun wadatar. Sai dai abin da aka ji yau ana iya mantawa gobe, shi kuwa rubutu yana nan ranar da ganye ya fara ƙonewa.

Babban giɓin shi ne yawancin waɗannan ayyuka da Turanci suke, masu lambu kuwa da Hausa suke tunani. Malaman aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ma'aikatan hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Bauchi (BSADP) suna da ilimin, dattawan fadama suna da gogewar. Ya kamata su zauna tare su rubuta littafin lambun Bauchi da Hausa, da boko da ajami, tun dattawan suna raye.