Hukuncin kisa a Afirka ta Kudu

Hukuncin kisa a Afirka ta Kudu hukunci ne da aka soke a ranar 6 ga Yuni, 1995, lokacin da Kotun Tsarin Mulki ta yanke shari'ar Makwanyane. A zamanin mulkin wariyar launin fata ta hanyar rataya ake zartar da shi, galibi a babban kurkukun Pretoria, kuma baƙaƙen fata ne mafi yawan waɗanda aka rataye. Cikinsu har da 'yan gwagwarmaya irin su Solomon Mahlangu, wanda aka rataye a 1979. A shekarar 1987 kaɗai an rataye mutum 164. Rataya ta ƙarshe da gwamnatin Afirka ta Kudu ta zartar an yi ta ne a Nuwamba 1989, sannan Shugaba F. W. de Klerk ya dakatar da zartar da hukuncin a Fabrairu 1990.

Alƙalai 11 na kotun, ƙarƙashin Arthur Chaskalson, baki ɗaya suka yarda cewa hukuncin ya saɓa wa 'yancin rayuwa da mutuncin ɗan Adam da tsarin mulkin wucin gadi ya tanada. Kotun ba ta musanta cewa wataƙila yawancin jama'a na goyon bayan kisan ba, sai dai ta ce fassara tsarin mulki aikinta ne, ba na ra'ayin jama'a ba. Majalisa ta cire hukuncin daga dokokin laifuka a 1997.

Muhawarar dai ba ta mutu ba. Duk lokacin da kisan kai ko fyaɗe ya girgiza ƙasar, sai kiraye-kirayen maido da shi su taso, kuma jam'iyyar ACDP na cikin masu wannan kira.